Ƙwaryar Gurbin Giyayya

To, ku matso inuwa. Kai kuma cire hannu daga hancinka, ba a mutuwa da warin jima, shekara sittin da ɗori ina shaƙarsa, ga ni nan ina cin tuwona. Na ji abin da kunka ce ɗazu a bakin kwatarniya, wai aikinmu tsoma fata ne a tsame, ko makaho ya iya. Madalla da ku. Ni ma Modi haka na ɗauke shi ina saurayi, sai da ya ci mani mutum kana na san abin da ke hannuna.

Fatar farko da anka ba ni in yi ni kaɗai ta jar akuya ce, 'yar Wamakko, mai taushi kamar kunnen jariri. Ubangidana Baba Labbo, wanda shi ne babban majeman garin ga a lokacin, gida arba'in na ƙarƙashinsa, ya sa na jiƙa ta kwana biyu, na tsoma ta ruwan toka da kanwa kwana uku har gashin ya fara saki. Sannan ya kwantar da tsohon turmi, ya shimfiɗa ta bisa, ya miƙo mani kartaji, waccan wuƙar mai ƙota biyu da kuke gani rataye. Na danna da ƙarfin samartaka, sai ji na yi ɓarat, na huda ta a tsakiyar baya. Bai zage ni ba. Ɗaga ta ya yi ya leƙo ni ta hudar, ya ce, "Modi, ina gajiya? Har ka ƙare?" Majema sunka kwashe da dariya. Shekara biyu cur ban ƙara taɓa kartaji ba, sai dakan bagaruwa da tankaɗe, har tafin hannuna ya yi kanta.

Bayan cire gashi akwai ruwan kashin tattabara, shi ke sa fata ta saki jiki. Ka rage mata lokaci ta fito kamar faifai, ka ƙara mata ta narke a hannunka, kuma ba mai faɗa maka lokacin sai babban yatsanka. Daga nan ruwan bagaruwa, kwatarniya uku, daga mai rauni zuwa mai ƙarfi. A kankare bayan, a shafa man gyaɗa, a buga bisa dutse, a wanke, a shanya a inuwa, kana a zo ga karan dafi mai ba ta jan nan da ya kai sunan garin ga ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba. Akwai wani tsohon baduku da ke sayen fatarmu yana ɗinka jakar littafi da takalma. Shi ba ya duban fata da ido. Runtse ido yake yi ya murza ta kusa da kunnensa, in ya ji ƙara ya ajiye ya wuce, ko sannu babu. Wata rana ya murza tawa bai ji ƙara ba, ya ce wa Baba Labbo, "Wanga hannu sabo ne, amma zai yi." Kwana uku bakina bai rufu ba don murna.

Duk wannan kuwa ruwa ne uwarsa. Majemin da ba shi da gulbi mai tara mushe ne kawai. Mukan fita ta Ƙofar Rini mu gangara da fatu a kai, kuma ba inda ka ga dama kake tsomawa ba, don tun kafin zuwan Nasara masu cin abinci a gulbin nan sunka zauna sunka raba shi. Can sama mashayar mutane, inda mata da masu jakai ke ɗiba. Ƙasa da ita Fulani su shayar da shanu. Sai masu wanki, sai marina, mu ne na ƙarshe, mu da angulu. Masu su kuwa ko'ina nasu ne, shi ya sa babbansu, Sarkin Ruwa, shi ke tsare rabon. Har da mutanen ƙauyukan da ke ƙasa da mu anka yi zaman, anka yarda ba mu zuba ruwan toka sai gulbi na gudu.

Rabon ga yana da haƙori, kuma haƙorin ƙwarya ce. In ruwan sha ya ɓaci, Sarkin Ruwa kan tara manyan sana'a duka a bakin gulbi, a cika ƙwarya da ruwan da ya ɓaci, a zagaya da ita. Kowane babba ya duba, ya sansana, ya faɗi ko ɓarnar daga gidansa take. Gidan da ta faɗa wa, mai laifi ya fito ya shanye ƙwaryar gaban jama'a, magana ta mutu ke nan, ba duka ba kora. In bai fito ba, babbansu ne zai sha. In shi ma ya ƙi, sana'ar duka ta bar gulbi. Malaman cikin gari ba su taɓa son abin ba, amma ba su hana ba, don a sanin tsofaffi sau biyu kaɗai anka taɓa sha, duka biyun kuma ruwan shuni ne na marina, mutum ya kwana biyu da baƙin harshe ya warke.

Shekarar da nake so ku ji, Nasara sun yi kamar shekara goma da zama. Damina ta yi rowa, tun kafin a gama girbin gero gulbi ya daina gudu, ya tsinke ya zama gurabe, nan ruwa can rairayi. Wurinmu na ƙasa ya bushe ƙayau, sai da jaki muke sayo ruwa, Baba Labbo na auna wa kowa tulu-tulu. Ana cikin haka ciwo ya faɗa wa awaki. Akuya na kiwo lafiya lau, sai ta durƙusa, baƙin jini ya fito mata ta hanci, kafin a ɗauko wuƙa ta mutu. Baba Labbo ya tara mu ya ce, "Fatar ciwon ga ko kyauta anka ba ku kada ku taɓa. Na gan shi ina yaro, ba ya tsayawa ga dabba."

A daidai lokacin kuma masu sayen fata sunka cika gari daga Kano, don jirgin ƙasa ya iso can, Nasara na son fata ko nawa ce. Wani mutum ya zo mani daga daji da busassun fatu sittin, jajaye masu kyau, a kan kuɗin da bai kai na fata goma ba. Na ga baƙin jini a wuyansu, na san ko mene ne. Shekarata talatin, da mata da ɗiya biyu, ba yaro nake ba balle in ce ban sani ba. Kwaɗayi ne. Na saye na ɓoye su a rumbu.

Sai dai fatar da ta bushe a rana haka tana shan ruwa da yawa kafin ta yi laushi, ruwan kuma ba ni da shi, in ma ina da shi idon Baba Labbo na kan kowace kwatarniya. Gurbin da ya fi zurfi a shekarar shi ne Gurbin Giyayya, shi ne mashayar mutane, rabin gari daga shi yake sha. Na ce wa raina, kwana biyu ne fa, ruwa mai yawa haka mi fatar akuya za ta yi masa? Ranar Juma'a da rana tsaka, maza sun nufi masallaci, mata sun shige gida don zafi, na kora jakina na gangara. Na yi ɗauri uku da igiya, kowane da dutsen marmara a ciki. Biyu na shiga da su har ruwa ya kai mani wuya na tura su zurfi, na ukun na cusa shi ƙarƙashin saiwar giyayyar da ta ba gurbin suna. Ba kowa a wurin sai wani zalɓe tsaye da ƙafa guda yana kallona. Na jefe shi da tsakuwa, ko gezau bai yi ba. Na koma gida na ce wa matata ciki ne ya hana ni Juma'a.

Asabar da safe sai ga dogarai a ƙofar gidana. Ana ɗiban mutane aikin hanyar Nasara, kowace unguwa ta ba da nata, sunana ya faɗo ciki. Ko riga ba su bari na sake ba. Kwana goma sha tara ina fasa marmara a daji, hannuna na aiki hankalina na ƙasan ruwan can. Na san sana'ata: kwana biyu fata ta jiƙu, kwana biyar gashi ya saki, kwana goma ta zama abin da ba shi da suna. Akwai 'yan unguwarmu da anka sallama kafin ni, da na buɗe baki na aika wa Baba Labbo magana guda da an ciro su. Kunya ta hana ni. Wallahi kunya kawai.

Ranar da anka sake ni ban shiga gari ba, gulbi na fara nufa, da hantsi. Wurin da kullum ke cike da hayaniyar mata da kukan jakai ya yi tsit. 'Yan matan da ke ɗiba ba mai magana, kowace ta cika tulu ta bar wurin da sauri ba waiwaye. Angulaye sun cika giyayyar har rassa sun sunkuya, dukansu sun zura wa ruwa ido, ruwan kuwa ba mushe ba komai a samansa. Akwai wani tsohon kada da ya fi kowa daɗewa a gurbin, ya fito ya kwanta can bisa rairayi nesa da ruwa, baki buɗe, ƙudaje na shiga suna fita, da ransa kuma. Kifaye sun taru a gefe, baki sama, suna haki. Wari kaɗan ne, can ƙasa-ƙasa, irin wanda hancin kowa zai wuce ban da na majemi. Na matsa in leƙa saiwar, sai wasu masu su biyu sunka miƙe da sanduna sunka ce Sarkin Ruwa ya sa tsaro dare da rana, ɗiba kaɗai anka yarda, ba mai shiga.

A gari anka ba ni sauran. Jakai sunka fara faɗuwa, kana yara. Wuya ya kumbura, ciki ya ɓaci da jini, kwana uku a ɗauka. Cikin waɗanda anka rufe har da Kulu, jikar Sarkin Ruwa, 'yar shekara huɗu, ɗiyar ɗansa Garba. Shi Garba gwanin nutso ne, ba na biyunsa daga nan har Wamakko. Bayan an rufe ɗiyarsa ya nutsa don ya ga mi ke ƙasa. Ya fito ya ce akwai mutane a ƙasan gurbin, zaune a dunƙule, ba su da kai, suna miƙo hannuwa suna kaɗawa, ɗayansu ya shafa masa fuska, sanyi da santsi. Daga ranar ba mai su da ya ƙara yarda ya tsoma ƙafa. Gari ya ɗauka mutanen ruwa ne, wato aljanu, sunka fusata. Ni kaɗai na san ƙafafun akuya ne ke lilo. Mutane kuwa ba su bar sha ba, ina za su? Rijiyoyin gari sun ƙafe.

Kwana biyu da dawowata Sarkin Ruwa ya kira ƙwarya. Kowa ya zo: Ardo da Fulaninsa, babban marina, babban masu wanki, manoman fadama, Inna Jimma uwar mata masu ɗiba, da wani malami daga cikin gari ya zauna gefe bisa buzunsa. Mu majema munka jeru a bayan Baba Labbo. Anka cika ƙwarya, irin babbar nan ta damun fura.

Ardo ya sansana ya ce, "Shanuna ba su kusanci nan ba, ni ma asara nake yi." Babban marina ya ce, "Shuni ba ya ɓuya, da namu ne da kun gani." Haka ta zaga har ta iso ga Baba Labbo. Shi bai sansana ba ma. Yatsa biyu ya tsoma ya murza, ya karkata ƙwaryar wajen rana, ya daɗe yana kallo, kana ya tsamo wani abu da ba wanda ya gani sai shi. Gashi ne guda, ja.

Da ya yi shiru ya miƙa ƙwaryar gaba, ba mai sani har abada. Sai ya ce, "Sarki, ba mutanen ruwa ba ne. Fata ce. Gashin ga ba karyewa ya yi ba, da saiwarsa ya fito, a jiƙe fatar ta ruɓa. Ba mai jiƙa fata sai majemi. Ɓarnar daga gidana take."

Wuri ya kaure. Garba ya zabura da mashinsa na kifi, sai da mutum uku sunka riƙe shi. Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu anka yi shiru, ya ce, "Labbo, ka san ƙa'ida, da ubanka anka kafa ta. In an sha, magana ta mutu. In ba a sha ba, majemi ba ya ƙara taka gulbin ga, ko jikansa."

Baba Labbo ya juyo gare mu da ƙwaryar a hannu. "Wa ke da fata ƙasan ruwan ga?" Shiru. "Na ce wa ke da ita? Ya fito, ni zan tsaya kusa da shi." Shiru, har ana jin angulu na gyara zama bisa reshe. Ina sahu na biyu, bayan wani dogo. Na tuna yadda anka siffanta mani wuyan Kulu, na dubi ruwan. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Na sunkuyar da kai. Na ukun a hankali ya faɗa, kamar mai tambayar farashin goro: "Ba kowa?"

Malamin ya miƙe ya ce, "Baba, wannan jefa kai ga halaka ne, shari'a ba ta ce haka ba."

Baba Labbo ya ce, "Allah gafarta malam, gida arba'in ne. Ka yi mani addu'a." Ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Ina jin maƙogwaronsa daga inda nake tsaye, kowace kurɓa. Bai ɗaga ba sai da ya shanye, ya kife ƙwaryar bisa rairayi, ya share gemunsa, ya ce, "To, an sha. Yanzu ku zo mu gyara ruwan."

Ban taɓa ganin aiki irin na kwanakin nan ba, kuma ban ƙara gani ba. Garba da kansa ya fara nutsawa da igiya a baki, tunda ya ji ba aljanu ba ne. Ardo ya kawo bijimai anka ɗaura musu igiyar sunka ja, ɗauri biyu sunka fito, baƙaƙe, suna zubewa, har shanun sunka nemi tsinkewa su gudu. Munka gina rami mai zurfin mutum biyu can bayan gulbi, marina sunka kwaso tokarsu duka anka zuba anka rufe, anka ɗora ƙaya. Manoman fadama sunka tuge jigonsu na jan ruwa daga gonakin albasa, sunka kafa a bakin gurbin suna kwarfe ruwan zuwa wani fako da ba a noma. Inna Jimma ta ja mata can sama, sunka tona ramuka cikin rairayi inda ruwa ke tsattsafowa a tace, ta zauna da sanda tana raba layi, ba mai ɗibar tulu biyu. Malamin nan ya bi masallatai yana shela kada a taɓa gurbin. Mu kuma majema anka yanke mu gina ramukan jiƙo nesa da gulbi, waɗannan da kuke ƙorafin nisansu yau. Bafillace na miƙa wa marini ƙwarya, marini na miƙa wa mai su, ba mai tambayar wurin wa. Ni na fi kowa aiki, har ana nuna ni ana cewa ku dubi Modi, Allah ya yi masa albarka. Duk sa'ar da na ji haka sai in kau da kai in ƙara duƙufa ga aiki.

Na yi ta jiran wani ya leƙa ƙarƙashin saiwar, ba wanda ya leƙa. Sabon ruwa ya fara tsattsafowa cikin gurbin, ga ido garau. Amma angulayen ba su bar giyayyar ba, kadan nan kuma bai koma ba. Ramukan rairayi ba su isar rabin gari, mata na kwana biyu kafin layi ya zo kansu, kuka ya yi yawa. Sarkin Ruwa ya ce ranar Juma'a zai buɗe gurbin kowa ya ɗiba.

Alhamis da hantsi anka ce Baba Labbo na kirana. Tun kwana uku da shan ƙwarya ya kwanta, ni kuwa ina kewaye gidansa kamar ba na san hanya ba. Na same shi a shigifa bisa tabarma, wuyansa ya kumbura ya haɗe da haɓa, numfashi na fita da ƙyar. Ya yi wa iyalinsa hannu sunka fita. A gefensa akwai guntun igiya da ƙulli a jiki.

Ya ce, "Garba ne na roƙa ya yanko mani daga ɗaurin fatun. Ƙullin bahago ne. Cikin duk waɗanda na koyar, bahago guda ne, kai."

Na durƙusa, na ce, "Baba, yau ka sani?"

"Tun bakin gulbi. Kowa ya dube ni, kai kaɗai ka dubi ƙasa."

"To mi ya hana ka faɗi sunana?"

"Na tambaya sau uku, Modi. Ba ka amsa ba." Ya huta, ya daɗe, har na zaci ya tafi. Sai ya ce, "Bar kukan ga, ba shi na kira ka ba. Ɗauri nawa ka nutsa?"

Na ce uku.

Ya runtse ido. "Biyu anka ciro. Gobe za a buɗe wa yara. Tashi. Ba ni za ka faɗa wa ba, Sarkin Ruwa za ka faɗa wa, da bakinka, gaban mutane."

Na roƙe shi gafara. Ya ce in je tukuna in dawo.

Rana ta take lokacin da na isa, wuri cike ana ta aiki. Na ratsa mutane na zube gaban Sarkin Ruwa, na ce, "Ranka ya daɗe, fatun nawa ne. Ni na nutsa su ranar Juma'a, na san na ciwo ne. Akwai ɗauri guda da ya rage ƙarƙashin saiwa." Jigo ya tsaya, ƙwarya ta tsaya a hannun mai ita. Garba ya taho ya tsaya a kaina, ruwa na ɗiga daga jikinsa bisa bayana. Bai taɓa ni ba, da ya taɓa ni da na fi jin daɗi.

Sarkin Ruwa ya ce a kawo ƙwaryar. Shi da kansa ya gangara gindin giyayyar ya cika ta, ya dawo ya miƙo mani. Na tara hannu biyu. Wallahi so nake in sha, ban taɓa son wani abu a duniya kamar ruwan nan ba. Sai da yatsuna sunka taɓa ta, kana ya karkata ta a hankali ya tsiyaye ruwan bisa rairayi tsakanin gwiwoyina, har ɗigon ƙarshe.

Ya ce, "Ɓarna guda, ƙwarya guda. An riga an sha maka, ba ka samun wanga sauƙi. Tuɓe ka shiga ka ciro kayanka."

Na shiga. Ƙarƙashin saiwar duhu ne da sanyi, abin ya kumbura ya maƙale, ƙafafun na shafa mani fuska da wuya kamar yadda Garba ya faɗa. Sau huɗu ina nutsawa ina fitowa kafin ya saki, ba wanda ya miƙo mani igiya, ban kuwa nema ba. Na rungume shi a ƙirji na jawo shi har bisa tudu, yana zubewa a hannuna. Da na ɗago kai sai na ga kowa ya ba ni baya, ana kallon hanyar gari. Wani majemi ne ke gangarowa daga Ƙofar Rini yana salati, nan na san Baba Labbo ya cika. Mutane sunka ajiye ƙwaryoyi da fartanyu, sunka bi shi ɗaya bayan ɗaya, Fulani da marina da masu su, har Sarkin Ruwa. Garba ne na ƙarshe. Ya jefo mani galma a gabana, ya ce, "Ka rufe shi da zurfi," ya bi su.

Ban samu sallarsa ba. Lokacin da anka ɗauki Baba Labbo ina can bayan gulbi ni kaɗai, ina gina wa fatun akuya rami.